Kuka Na Bakwai

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan talabijin ɗin nan ya san Kunne. Ba shi ne sunansa na yanka ba, amma shekara talatin da biyu da shi ake kiransa, har ranar da ya yi ritaya sai da akawu ya tsaya yana tambayar mutane ainihin sunan da zai rubuta a takarda. Shi ne mai ɗaukar sauti. In ana ɗaukar wasan kwaikwayo za ka hango shi can gefe, a tsugune bayan kujera ko a ƙarƙashin tebur, abin sauraro ya rufe masa kunnuwa, ido a lumshe, hannu ɗaya a kan rikoda. Darakta na ta ihu, 'yan wasa na gyara fuska, shi ko a jikinsa. Sai an gama fitowa kowa ya ce ta yi kyau, sannan zai buɗe ido ya ce a sake, wai firij ɗin maƙwabta ya tashi a tsakiyar maganar maigida. A yi ta tsaki. In aka leƙa kuwa, sai a tarar da firij ɗin yana gurnani.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, in kuma ya yi ta ba ta da daɗi. Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. In an gama aiki a ɗaki sai ya tsare ƙofa ya ce kowa ya tsaya inda yake, kar wanda ya yi ko tari, minti ɗaya cur, zai naɗi shirun ɗakin. Wai kowane ɗaki da irin shirunsa, in aka yanka magana aka liƙa mata shirun wani ɗakin, mai kallo zai ji wurin ɗinkin ko da bai san me ya ji ba. Mutum ashirin, ga zafin fitilu, ga yunwa, su tsaya ƙiƙam saboda shiru. An zage shi a kan wannan ba iyaka, amma a zuci, don kowa ya san rikodar a kunne take.

Matarsa ɗinki take yi, shi ma Tela yake ce mata tun suna saurayi da budurwa, ita kuma ta ce masa Malam. Ɗaki biyu da falo suke zaune a bene na biyu, keken ɗinkinta a bakin tagar falo. 'Yarsu ta fari ta rasu tana da shekara huɗu, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Gida ya cika da 'yan gaisuwa. Tela ta zauna a tsakiyar mata, idonta a bushe ƙamas, ana mata gaisuwa tana amsawa kamar wadda ake tambayar farashin yadi. Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Yayar Kunne, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba, ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin uwa mai busasshen ido irin wannan ba. Ko akuya aka ɗauke wa ɗa ai ana jin bakinta." Ba wanda ya tanka mata, har shi Kunnen.

A rana ta tara mutane suka watse. Da azahar Kunne yana zaune a ƙasa a falo, ya baje wata rikodar ofis da ke jan tef, don hannunsa ya sami abin yi. Ya gyara ta, ya ɗaura sabon tef, ya sa abin sauraro, ya ce ɗaya, biyu. Sai ya ji wani abu ya shigo masa kunne daga uwar ɗaki, inda Tela take ninke kayan yarinyar.

Ba ihu ba ne. Da nishi ya fara, irin na mai ƙoƙarin ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Sai wata siririyar murya ta biyo, ta yi tsawo, ta tsinke. Sai jan numfashi sau uku a jere, da sauri da sauri, sannan muryar ta dawo ta ƙasa. Duk wani miji da Allah ya yi wa hankali, cire abin kunnen zai yi ya shiga ɗakin ya zauna kusa da matarsa. Kunne sai ya miƙa hannu a hankali ya juya makirfo ya fuskanci ƙofar, ya rage ƙarfin sautin kaɗan don kar allurar awon sauti ta taɓa jan layi. Hawaye na zuba a fuskarsa, idonsa kuma yana kan allura. Minti huɗu da sakan goma sha ɗaya. Da ta yi shiru ya kashe rikodar, ya leƙa ya tarar barci ya ɗauke ta a kan kayan. Da yammar nan ita ma zazzaɓi ya kwantar da ita, sati guda ba ta san inda kanta yake ba. Da ta tashi, ba ta tuna komai na waɗancan kwanakin ba.

Ya ce wa kansa gobe zai goge. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, tef ɗin yana cikin aljihun jakar aikinsa.

Bayan wata bakwai suka zo kan wata fitowa a wasan da suke yi na iyalin wani direban babbar mota. Ɗan aike zai ƙwanƙwasa ƙofa ya gaya wa uwar gidan ɗanta ya rasu a hatsari. Matar da ke fitowa a matsayin uwar, gwana ce wajen masifa, in ta fara zazzaga wa miji faɗa sai ka ji tausayinsa, amma kuka Allah bai ba ta ba. Da an ce mata fara sai ta ɗora hannu a ka, ta wage baki, ta faɗi ƙasa tana birgima. Sau goma sha ɗaya aka ɗauka, mai riƙe fitila har juya baya yake yi don kar a ga yana dariya.

Ɗakin haɗa hoto wani siririn ɗaki ne mara taga, kullum yana warin shayi da zafin na'ura. Editan gidan, wani dogo siriri da ake kira Almakashi, ya kalli duk sha ɗayan a jere, Darakta na bayansa ya dafe kai. Almakashi ya ce, "Fuskar nan ba za ta fita ba, ranka ya daɗe. Mu ɓoye ta kawai." Ya lalubo wani guntun hoto da aka ɗauka bisa kuskure, lokacin da aka manta kyamara a kunne: matar ta juya baya a bakin taga tana haki saboda birgimar da ta sha, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ya jera su uku. Bakin ɗan aike, hannunta yana sakin mariƙin ƙofa, sai bayanta. Ya ce, "Ga hoto. Saura murya."

Suka ɗora nata kukan, abin ya koma wasan yara. Suka ɗora kiɗa mai taushi, Darakta ya ce sai ka ce tallar sabulu. Kunne yana tsaye a jikin ƙofa tun ɗazu. Can ya ce, "Ku ba ni zuwa gobe."

A faɗi gaskiya, aikin da ya yi washegari da safe bai taɓa yin irinsa ba, bai kuma sake ba. Tun ɗan aike na magana ya fara janye hayaniyar titi kaɗan kaɗan, motoci, masu talla, rediyon maƙwabta, har ya rage ƙarar fanka kawai. Ita ma fankar ya janye ta. Ya bar shirun ɗakin nan da ake zaginsa a kai, sakan takwas, ba komai. Sannan ya saki nishin farko tun hoto yana kan fuskar ɗan aike, don kunnen mai kallo ya riga idonsa isa wurin matar. Da hoto ya koma bayanta, Almakashi ya ɗan matsar da shi gaba kaɗan, jan numfashin nan uku ya faɗa daidai kan motsin kafaɗunta, sai ka rantse daga ƙirjinta yake fita. Ba su sa kiɗa ko kaɗan ba.

Da suka kunna daga farko, Almakashi ya ɗauki kofin shayi ya riƙe, har aka gama bai kai shi baki ba. Darakta ya fita waje, ya daɗe, ya dawo yana share hanci, ya dubi Kunne.

"Wace ce wannan?"

"Wata ce."

"A ina ka samo ta?"

"A asibiti," in ji Kunne. "Tun bara."

Ranar da za a nuna wannan kashin na wasan, Kunne ya kwance bayan ƙaramar talabijin ɗinsu ya zare fis, ya ce wa Tela ta ƙone. Gari kuwa ya ɗauka. Sati biyu ba a maganar komai a motar haya sai kukan matar direba. Aka ba 'yar wasan kyauta, aka yi hira da ita, ta ce kakarta ta tuna shi ya sa abin ya fito mata daga zuciya. Kunne aka ɗaga shi ya zama shugaban sashen sauti, aka ba shi tebur da kujera mai juyawa. Mata masu kawo ɗinki suna ce wa Tela, "Ke, mijinki da mutanensa sun sa mu kuka jiya." Ita kuma da tef ɗin awo a wuya da fil a baki sai ta ce ita ina ta ga lokacin kallo.

Gidan talabijin ɗin yana da doka: duk sautin da ya fita a iska sai an kai kwafinsa ɗakin ajiya. Mai kula da ɗakin ya saurara, ya duba littafinsa ya ga akwai kukan mata guda shida, ya rubuta a jikin kwalin, "Kukan mace, na bakwai." Ya ɗora shi a kantar ajiya, tsakanin ƙarar ƙofa da haushin kare. A lokacin, da Kunne ya so, da ya sa shi a aljihu ya fita, ba mai tambayarsa. Bai yi ba. Kar a ce mantuwa ce. Daɗi yake ji in ya ga editoci suna rububinsa, in ya ji ana cewa ba wanda ya taɓa naɗo kuka irin na Kunne. Kafin kunya ta rinjayi wannan jin daɗin, kwamfuta ta shigo, an kwashe ɗakin ajiyar kaf an zuba a ciki, kuma duk editan da ya bar gidan ya tafi da nasa kwafin.

Daga nan kuka na bakwai ya shiga duniya. Duk 'yar wasan da ta kasa, sai a juya mata baya a ɗora mata shi. Matar da aka ɗaure mijinta ta yi shi. Yarinyar da ta faɗi jarrabawa ta yi shi. Wata da gobara ta cinye shagonta ta yi shi har sau biyu a kashi ɗaya, don editan malalaci ne. Wani ya ƙara masa sauri, wani ya sa masa amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya ake yi, kusan kowa kuma sai ya lafta masa kiɗa a kai, don ba su yarda mai kallo zai gane baƙin ciki ba sai an kaɗa masa. Kunne ya ji shi a shagon aski da reza a wuyansa. Ya ji shi a kantin magani yana jiran canji. Duk yadda aka dagula shi, da jan numfashin nan uku ya zo sai ya gane shi.

A gida ya kafa doka, talabijin ta labarai ce da ƙwallo. Yara biyu maza da suka haifa daga baya sun taso suna ganin uban nasu wani irin mutum, yana yin wasan kwaikwayo a ofis yana hana kallonsa a gida. Tela ba ta damu ba, bayanta ne ke fuskantar talabijin, ƙarar keke kuma ta cika mata kunne. Abin da ya dame ta daban ne. Yaya, yayar Kunne, ba ta taɓa sakin maganar nan ba. Duk taron dangi, in an yi rasuwa ko an zo duba mara lafiya, sai ta san yadda ta yi ta jefo ta: "A bar wa masu busasshen ido aikin kicin, su ba abin da ke taɓa su." Tun Tela na ɗaure fuska har ta koma sunkuyar da kai, don ita ma ta yarda haka take. Kunne yana wurin, yana ji, da loma a bakinsa. Kalma uku ce za ta kashe maganar: "Ta yi kuka." Amma ya san in ya faɗa za a ce yaushe, ya san kuma in Tela ta dube shi ta yi masa tambaya ta biyu ba zai iya tsayawa a rabin gaskiya ba. Sai ya haɗiye lomarsa. Haka aka yi shekara ashirin da shida, har Yaya ta rasu ba ta janye ba.

Bara yanar ido ta rufe wa Tela gani. Da farko zare ne ya daina shiga allura, daga baya layin ɗinkin ma ya ɓace mata. Aka lulluɓe keken da tsohon zane. Babban ɗansu, don ya kyauta, ya sayo mata wata ƙatuwar talabijin mai lasifika biyu ya kafa a bango, ya koya mata maɓallan rimot da taɓi. Dokar labarai da ƙwallo ta mutu a ranar, don ba yadda za a yi ka ce wa matar da ba ta gani kar ta saurari abin da zai ɗebe mata kewa. Tun daga hantsi har yamma tana kan kujera, ta karkata kai gefe, tana bin wasa bayan wasa da kunne. Kunnen nata kuwa ya yi kaifi har abin ya ba shi tsoro. Sai ta ce, "Malam, wannan ƙofar da aka rufe yanzu, ai ita aka rufe a wancan wasan na jiya." Kuma ita ce.

Kunne ya rasa sukuni. Da ya ji an fara kiɗan tausayi sai ya fara tari, ko ya tambaye ta inda aka ajiye abin da yake riƙe da shi a hannu. Ya ga wannan ba za ta fisshe shi ba. Wata ranar Talata ya sa rigarsa mai kyau ya hau mota ya koma gidan talabijin, karo na farko tun da ya bar aiki.

Ɗakin haɗa hoton yana nan, amma an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, Almakashi kuma ya daɗe da rasuwa. A kujerarsa wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau a goshi, wadda kowa ya ce hannunta yana da kyau. Ta miƙe ta ba shi kujera.

"Baba, yau kai ne a ɗakinmu? Sannu da zuwa."

"Yauwa, 'yata. Wata alfarma na zo nema. Akwai wani sauti a ajiyarku, kukan mace na bakwai."

Ta yi dariya. "Mai ceton rai ke nan. Baba, wallahi ba editan da bai ci albarkacinsa ba."

"So nake a goge shi."

Ta sauke tabarau ta dube shi da kyau. Da ta ga ba wasa yake ba, sai ta ce in dai na wannan kwamfutar ne yanzu ma sai ta goge, amma kar ta yaudare shi, ba ɗakin haɗa hoto a garin nan da ba shi da kwafi, ita kanta tana da shi a gida. "Kuma na wannan satin ya riga ya tafi wajen masu watsawa. Alhamis da ƙarfe biyar. Bari ma ka gani, Baba, ka faɗa mini ko na iya."

Wasan barkwanci ne. Matar wani attajiri, mai iyayi da ƙwalisa, tana ɗaukar kanta hoto a bakin bokitin wanki, wayar ta suɓuce ta faɗa ciki. Ta juya baya ta dafa bango. Sai nishin ya fara. Siririyar muryar ta miƙe, ta tsinke, numfashi ɗaya, biyu, uku, kuma daidai kan na ukun editar ta saki dariyar mutane da aka naɗa aka ajiye, ɗaki guda na dariya, har da mai tafi.

"Ka gane dabarar?" in ji ta. "In kukan ya yi kama da na gaske, abin da ake wa kukan kuma shirme ne, dariyar ta fi fitowa. Da na saki dariyar a numfashi na biyu, da ta yi wuri."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gaskiyarta. Ya saurara da kunnen aiki, ko yana so ko ba ya so, ya ji ba inda ɗinkin ya nuna. Da shi aka ba aikin, nan zai sa dariyar.

"Kin iya," ya ce.

"Wai Baba, wace ce matar? An ce a asibiti ka naɗo ta."

Ya miƙe ya ce zai je kar ya rasa mota.

Ranar Alhamis tun ƙarfe huɗu yake kai da kawo a falo. Ya ce ta zo su sauka ƙasa su sha iska, ta ce ƙafarta na ciwo. Ya ce ko su je gidan ɗansu, ta ce ba yau ba, yau ranar matar attajiri ce. Biyar saura minti goma ya lallaɓa bayan talabijin ya zare waya daga bango, ya ce ga alama an ɗauke wuta.

"Malam," in ji Tela, ko juyowa ba ta yi ba, "ido ne ba ni da shi. Ga firij can yana aiki. Mayar da abin da ka zare."

Ya mayar. Ya zauna a ɗaya kujerar, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

Ta yi ta dariya tun daga farko, tana cewa wannan mata Allah ya shirye ta. Da ta ji faɗawar waya cikin ruwa har da buga cinya. Sai nishin ya zo. Dariyarta ta tsaya. Ta ƙara karkata kai, bakinta a ɗan buɗe. Numfashi ɗaya, biyu, uku, mutanen cikin lasifika suka kwashe da dariya, ita ba ta bi su ba. Kunne yana jira ta juyo.

Ba ta juyo ba. Ba mai gane muryar kansa in an naɗa, wannan ya sani tun yana sabon shiga aiki, amma bai taɓa yarda hakan zai shafi Tela ba. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ka ji yadda mutane ke kuka. A kan waya fa. Ni da na rasa 'ya sukutum ban iya ko rabin wannan ba." Ta gyara zanenta a gwiwa. "Allah ya ji ƙan Yaya. Na daɗe ina jin haushinta, amma ba ƙarya ta yi mini ba. Har yau in na tuna yarinyar nan sai in ce ko ta san uwarta ba ta yi mata kuka ba."

Ya tsira ke nan. Ba ta gane ba, ba kuma za ta taɓa ganewa ba, abin da ya yi shekara da shekaru yana roƙo. Da ya yi shiru minti ɗaya, da an shiga talla, da ta tambaye shi abin da za a dafa. Shirun ne ya gagare shi. Ya ɗauki rimot ya kashe sautin.

"Kin yi mata kuka, Tela."

"Kar ka lallashe ni, Malam, na girma."

"Wannan da kika ji yanzu, ke ce."

Ya faɗa mata duka, ba tare da ya gyara komai ba. Rana ta tara, rikodar ofis, yadda ya juya makirfo maimakon ya shigo. Matar direba, fis ɗin da ya zare, kujera mai juyawa, kwalin da aka rubuta wa lamba. Bai tsallake ko ɗaya ba. A bango matar attajiri tana ta tsamo waya daga bokiti, ba sauti.

Tela ba ta katse shi ba. Da ya gama ta shafa hannun kujera.

"Kana wurin duk lokacin da Yaya ke faɗa."

"Ina wurin."

"Da shi a jakarka."

"E."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na daɗe ina yi?"

"Minti huɗu da sakan goma sha ɗaya."

"Wannan da suka sa ai bai kai minti ɗaya ba. Me ke cikin sauran? Na yi magana?"

Ya so ya ce a'a. Ya ce, "Kin kira sunanta. Sau biyar."

Nan ne fuskarta ta motsa. Ta juyo da idanun nan masu yana wajen da take jin numfashinsa, ta ce, "To ka kai ni in ji wurin. Ba na son na dariyar. Wurin sunan kawai."

"Babu shi."

"Kamar yaya babu shi?"

"Ɗan cikin wasan namiji ne, sunan bai dace da fitowar ba. Na sa reza na yanke wuraren, na haɗe tef ɗin."

"Ka ajiye guntayen?"

A wancan zamanin duk abin da aka yanke ƙasa yake faɗawa, da yamma mai shara ya zo ya kwashe. Kunne ya ce, "A'a."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Ta miƙo hannu, ya ɗauka nasa take nema, ashe rimot take so. Ya sa mata a tafin hannu. Ta lalubi maɓallan da babban yatsa, ta riƙe shi a cinya.

"Suna maimaita wannan kashin ranar Asabar da rana," ta ce. "Ka tabbata akwai wuta. In an zo wurin, ka fita ka bar mini ɗakin."